Na Je Kano Neman Wanda Ya Binne Malam

Me ya hana Malam shiga motar nan? An ce akwai kujera, an ce har jakarsa an ɗora, an ce direba ya yi ta danna oda yana jiransa. Na je Kano na dawo, na zauna da waɗanda suka gani da idonsu, amma har yau ban daina yi wa kaina wannan tambaya ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa a waya, domin masu tambayar yadda muka je muka dawo sun yi yawa. In kun ga magana ta karkace, kuka ne ya katse ni.

Malam, maigidana, tsohon soja ne. Da ya ajiye kaki sai ya kama gadi a masana'antun Kano. Daga nan wani kamfanin tsaro ya ɗebi irinsu ya kai su Sudan, gadin ofishin jakadancin wata ƙasar Turawa. Shi aka sa a gaba, domin ya taɓa zama can yana soja, yana jin Larabcinsu. Yaƙi ya ɓarke. Waya kawai aka bugo wa ƙaninsa aka ce Allah ya yi masa rasuwa. Na yi takaba a kan gawar da ban gani ba. Na roƙi limamin garinmu ya tara mutane a yi masa salla daga nan, sai ya ce, "Baiwar Allah, in an riga an sallace shi a can, ba ma maimaitawa. In ba a yi ba, za mu yi. Amma sai an samu wanda ya sani." Ƙannensa sun nemi wanda ya sani a waya har sun gaji. Da na ji an ce abokan aikinsa sun dawo sun koma bakin ƙofofin masana'antu, sai na ce ni zan je da ƙafata, kuma ba zan dawo ba sai na san ko an yi wa mijina salla.

Mun tashi da asuba daga Tudun Wada, ni da 'yar tawa, da ƙullin zogale da ɗan kwandon ƙwai na tsaraba. Kuɗin motar da na sani a da, yanzu ko rabin hanya ba ya kaiwa. Aka cusa mu a baya, wata mata mai jiki ta zauna rabi a kujera rabi a cinyata, tana ta ba ni haƙuri amma ba ta matsa ba har Kwanar Ɗangora. Damina ta yi kyau bana. Daga Kadawa zuwa Kura shinkafa ce kore shar iya ganinka, mata na shanya a gefen kwalta, direba na kauce musu yana mita. Na kalli gonakin nan na tuna Malam ya sha cewa in ya dawo noma zai kama. Na rufe fuska da mayafi na yi kuka mai isata.

A Na'ibawa muka sauka, wajen 'yan lemo. Ƙamshin abarba da warin ruɓaɓɓen lemo suka haɗu suka tarye mu. Muka karya da ƙosai da koko a tsaye, sannan muka hau adaidaita zuwa Ɗorayi gidan ɗiyar yayata, muka ajiye kaya. Ta ce in huta sai gobe. Na ce hutun da na yi a ɗakin takaba ya ishe ni.

Sharaɗa ba ta da nisa da Ɗorayi. Ban taɓa ganin wuri mai katanga da yawa haka ba. Katanga, ƙofar ƙarfe, katanga, ƙofar ƙarfe, janareta na ruri a ciki kamar ana yanka shi. Wasu kamfanonin suna aiki, kana jin warin narkakkiyar roba, ana fito da silifa da bokitai a kan manyan motoci. Wasu kuwa sun mutu, ciyawa ta cinye harabar, amma duk da haka akwai maigadi a bakin ƙofa yana gadin ƙadangaru. Hanyar duk ramuka, ruwan sama ya kwanta a ciki, mai adaidaita yana ratsawa kamar mai tuƙa kwalekwale.

A nan na gane cewa masu gadi duk sun san juna. Ban san sunan kamfani ko ɗaya ba, abin da na riƙe kawai shi ne ana kiran Malam da Baba Saje. Na faɗa wa na farko, ya miƙe tsaye ya cire hula ya yi mini gaisuwa, ya tura ni wurin na biyu. Na biyu ya tura ni wurin na uku. Haka aka yi ta miƙa ni daga ƙofa zuwa ƙofa, har muka isa wani kamfanin buhu, inda muka samu wani dattijo siriri mai suna Malam Sabo. Da ya ji ko ni wace ce, sai ya zauna a ƙasa ya bar mini bencinsa.

Shi ya buɗe mini yadda aikin yake. Ya ce a gidan jakada gadi kashi biyu ne. Akwai na ciki, sojojin ƙasar masu gidan, su ke riƙe da bindiga. Akwai na waje, irin su Malam, kulki da tocila kawai, su ke buɗe ƙofa su duba ƙarƙashin mota. Da wuta ta yi tsanani, manya suka yi ta magana da ɓangarorin da ke faɗa, har aka yarda za a tsagaita na ɗan lokaci baƙi su fita. Aka ƙone takardu a tsakar gida, aka sauke tuta aka naɗe, sojojin ciki suka tafi da jakada da mutanensa a jirgi. Su 'yan waje aka samo musu bas da za ta kai su bakin iyaka. Amma an yi wata yarjejeniya, wai gidan za a bar shi amana a hannun jakadan wata ƙasa da ba ta janye ba, mutanensa za su zo su karɓi makullai.

"To, Hajiya," in ji Malam Sabo, "mu masu gadi muna da ƙa'ida. Ba ka barin ƙofa sai wanda zai canje ka ya zo ya ce na karɓa. Ko matarka ke naƙuda sai ka jira. Baba Saje ya ce bai ji wanda ya ce na karɓa ba. Na ce masa masu gidan ma sun tafi. Ya ce su masu gida ne, shi maigadi ne. Na riƙe masa riga, ya fizge."

Na ce, "Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi yana cikin bas. Mutum ɗaya ne ya sauko ya tsaya tare da Malam, wani Kirista mutumin Kudancin Kaduna, sunansa Bulus. Ya ce ya ji yana gadi a Challawa. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na bar masa ƙwan nan, ya ƙi karɓa, na ajiye a kan benci na tafi.

Washegari muka kama hanyar Panshekara. Tun kafin ka ga Challawa hancinka zai gaya maka ka iso. Kamfanonin fata ne, warin jima ya cika ko'ina, ruwan kwata yana fitowa wani shuɗi wani baƙi. 'Yata ta toshe hanci, ni kuwa kakana majemi ne, sai na ji kamar na shiga gidanmu na da. Manyan motoci sun yi layi, an lafta musu fatu da gishiri, ƙudaje na binsu kamar 'yan rakiyar amarya. Ma'aikata na fitowa da dogayen takalman roba, hannuwansu sun rine.

Muka bi ƙofofi kamar jiya. Wannan karon kowa ya san Bulus, amma kowa sai ya ce bai san inda ya koma ba, yana faɗa yana kallon gefe. Rana ta take, ƙafata ta kumbura. Muka zauna a rumfar wata mata 'yar Filato da ake kira Maman Talatu, mai sayar wa ma'aikata abinci. Ta zubo mana gwaten acca mai yakuwa da gauta. Ban taɓa ci ba. Tsaminsa ya wartsakar da ni, har na nemi ƙari. Tana zubawa tana ƙare mini kallo.

"Mama, ke ce mai neman Bulus? Tun safe labarinki ya riga ki zuwa."

Na ce ni ce.

"Me za ki yi masa? In ƙara za ki kai, gara ki gaya mini in kwashe kwanona."

Na ce, "Dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai ƙafar hawa kotu?"

Ta yi dariya, sannan ta zauna kusa da ni. Ta ce Bulus ƙanin mijinta ne. Tun da ya dawo ba ya son maganar can, kuma da ya ji dangin Baba Saje na cigiyarsa sai ya nemi a canja masa wurin aiki. Na ce me ya yi da yake gudu? Ta ce, "Ni ma bai gaya mini ba. Ya ce maganar ta fi ƙarfin bakinsa." Na tuna abin da ake faɗa a rediyo, gawarwaki a titi ba mai ɗauka. Na ajiye cokali na ce mata, ko kare ne ya ci mijina, ina so in ji daga bakin wanda ya gani. Ta daɗe tana juya ludayi a tukunya, sannan ta ce Bompai, kamfanin alewa, aikin rana yake yi. "Kada ki ce ni na faɗa. Ko da yake zai gane, duk gidanmu ni ce mai baki."

Bompai tana ɗaya gefen gari, sai an keta Kano gaba ɗaya. Mun fita da sassafe washegari, muka canja adaidaita a hanya, muka ratsa Nassarawa inda manyan ofisoshi da bishiyoyi suke. Gadojin sama da aka yi sun rikita ni, ka hau nan ka sauka can ba ka san inda gabas take ba. Bompai ta fi sauran tsufa. Rufin kwano duk tsatsa, dogayen itatuwan darbejiya, iska kuma tana kawo ƙamshin sukari da man gyaɗa. Bayan Challawa, sai ka ce an shigar da kai shagon turare.

Na gane Bulus kafin a nuna mini shi, domin yana hango mu ya shige ɗakin gadi ya ja ƙofa. Wani abokin aikinsa ya fito ya ce Bulus ba ya nan. Na ce ba komai, zan jira. Na shimfiɗa ɗankwalina na biyu a gindin darbejiya daidai bakin ƙofar, na miƙe ƙafa. Motoci na shiga suna fita, sai an kewaye ni. Abokin ya dawo ya ce oga zai yi faɗa. Na ce in ogan ya zo a turo mini shi, shi ma ina da tambaya. Na sayi gurasa a wurin mai talla na ci a nan. 'Yata kunya ta kama ta, ta koma bayan bishiya.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin ya fito. Dogo ne baƙi, furfura ta fara masa, yana ɗan ɗingishi. Ya durƙusa nesa da ni.

"Mama, ki gafarce ni. Ban san da wane ido zan kalle ki ba."

Na ce, "Da wanda ka kalle shi. Gaya mini kawai."

Ya ce bayan bas ta tafi su biyu suka rage. Suna cin abincin gwangwani da aka bari, suna canjin gadi kamar kullum, ɗaya a ƙofa ɗaya yana hutawa. Mutanen da aka ce za su zo karɓar makullai ba su zo ba, hanya ta rufe, waya ta ɗauke. Wata safiya Malam yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, wani abu ya faɗo a titi ya fashe, ɓarɓashin ƙarfe ya ratso ta ƙasan ƙofar ya same shi. Bai daɗe ba. Bulus ya ce ya ji yana kalmar shahada, shi kuma ya tallabe kan Malam, bai bar shi ya taɓa ƙasa ba.

"Na fita neman Musulmi ko ɗaya," in ji shi. "Layin duk gidajen jakadu ne, ba kowa. Na kai kwanar layin aka buɗe mini wuta, a nan na samu wannan ƙafar. Na dawo na ce, Bulus, kai ne dangi, kai ne liman, kai ne mai haƙa."

Ruwa ya kusa ƙarewa a tanki. Sai ya ɗebi abin da ya samu ya wanke masa hannu da baki da fuska da ƙafa, bi da bi, yadda ya saba ganin yana alwala, ya zuba sauran a jikinsa. Ya shiga ɗakin cin abincin jakada ya yaye farin ƙyallen babban tebur ya naɗe shi. Ya haƙa rami a lambun bayan gida, da ƙaramin rami a ciki, domin ya sha raka maƙwabta maƙabarta a Kano ya ga yadda ake yi.

"Na haƙa yadda fuska za ta kalli gabas, kamar na nan. Na kusa gamawa na shiga ɗakin gadi ɗauko shi, sai na ga dardumarsa a shimfiɗe. Mama, ba gabas take kallo ba, ta karkata wajen arewa. Ashe can alƙiblarsu daban. Na mayar da ƙasa, na ɗauko dardumar na shimfiɗa a lambu yadda take a ɗaki, na sake haƙa wani."

Ya kwantar da shi a kan damansa, ya fasa tukwanen fulawa ya jera a kai, ya rufe. Sannan ya tsaya.

"Sallar ce ban iya ba. Na tsaya ban san abin da zan ce ba, sai na yi addu'a irin tamu. Shi ne abin da ke damuna. Na taɓa gawar Musulmi da hannuna, na yi masa addu'ar coci, na rufe shi ba salla. Na ce in danginsa suka ji, cewa za su yi na lalata masa kwanciya."

Na ce, "Miƙo hannun nan."

Ya miƙo. Ni da ban taɓa riƙe hannun namijin da ba muharramina ba, na riƙe shi da hannu biyu na yi kuka har 'yata ta fito daga bayan bishiya. Na ce masa ramin da ya haƙa sau biyu da harsashi a ƙafa, ko ɗan da na haifa iyakar abin da zai yi ke nan.

Amma ban manta abin da ya kawo ni ba. Yanzu na sani, ba a yi wa Malam salla ba. Na tambaya ko akwai masallaci, aka nuna mini na ma'aikata a jikin katanga, rumfar kwano da tabarmin roba. Limaminsu wani mai gyaran inji ne, ya fito da baƙin mai a hannu. Na sa Bulus ya maimaita masa komai. Ya saurara, ya yi tambaya a kan wankan, ya ce Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ya ce tunda ba a yi ba, in na koma gida a yi. Na ce, "Malam, mutumin nan ya daɗe yana jira. Ni kuma ban da tabbacin zan kai gida. A yi yau." Ya kalle ni, ya ce to, bayan Azahar.

Maganar ta bi ƙofofi kamar yadda ni na bi su. Da aka busa jiniyar hutu sai ga mutane, masu naɗe alewa da hular leda a kai, direbobi, 'yan dako, masu gadin kamfanonin da ke layin da yunifom kala-kala. Na ce su kuma wa suka bar wa ƙofofinsu? Aka ce abokan aikinsu Kiristoci sun karɓa, haka suke yi duk Juma'a, su kuma su karɓar musu ran Lahadi. Sahu ya fito har kan titi. Ba gawa a gaba, sai tabarma. Ni ina daga baya a gindin bishiya, Bulus yana tsaye a ƙofarsa ya tare wata babbar mota da hannu ɗaya har aka idar. Da na ji kabbara ta huɗu, wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar da aka bugo waya ya sauka.

Kafin mu tafi na tambaye shi makullan. Ya ce da ƙafarsa ta yi dama ya kulle ƙofa ya bi ayarin masu gudu, alhali katangar gefe ta riga ta rushe, akuya ma za ta shiga. Makullan kuwa ya damƙa wa kamfani da ya dawo, sai da ya sa wani ya ce masa na karɓa. Na tambaye shi me ya hana Malam shiga mota. Ya ce ƙa'ida ce. Na ce kai fa? Ya ce shi ba ƙa'ida ya bi ba, tsoho ya gani shi kaɗai a bakin ƙofa.

Mun kwana a Ɗorayi, da safe muka kamo hanya. Bulus ya aiko mana da ledar alewa, jikokina suka yi ta faɗa a kai. A wannan karon na samu kujerar gaba, na ga shinkafar Kura da kyau. Da muka isa na aika wa limamin garinmu, ya ce alhamdu lillahi, an sauke farali. Ƙannen Malam suka zo suka zauna, na ba su labari, babbansu ya karɓi lambar Bulus.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in manya suka zauna suka raba wanda zai hau jirgi da wanda zai riƙe makulli, ba sa sanin sunan mai riƙe makullin. Na kuma koyi cewa abin da waya ta kasa, ƙafar tsohuwa tana iyawa, in ta yarda ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar mutane. Duk wadda aka ce mata nata ya rasu a nesa, kada ta tsaya jiran a kawo mata labari.

Na san inda yake kwance, na san inda fuskarsa ke kallo, na san an yi masa salla. Ƙa'idar kuwa an yi mini bayaninta sau biyu, na ji da kunnena, zuciyata ce ba ta karɓa ba. Gidan ba nasa ba, tutar ba tasa ba, ni kuma ina nan. Da na lissafa da abin da Malam Sabo ya faɗa, ashe ranar da maigidana ya kira ni na ƙarshe bas ta riga ta tafi, bai gaya mini ba. Ya tambayi awaki, ya tambayi ciwon gwiwata. Na fara yi masa ƙorafin rufin ɗaki da ke yoyo, sai ya katse ni yana dariya.

"Tsohuwa, riƙe maganarki, ana taɓa ƙofa. In na sallami mai ita zan kira ki."